Ina ba Allah, ina cin haƙƙin ƙanwata

Ina ɗan shekara 11 aka kore ni daga aji saboda kuɗin makaranta. Malamin bai ɗaga murya ba. Takarda ya ɗauko ya karanta sunaye, ya ce duk wanda ya ji nasa ya tattara littattafansa ya tafi gida sai iyayensa sun biya. Sunana ne na uku. Har yau ina jin ƙarar bencin da na tura baya da zan miƙe, ina kuma ganin yadda yaron da muke zama tare ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido. A shekarar ne babanmu ya rasa aikinsa, bai kuma ƙara samun wani tsayayye ba har Allah ya yi masa rasuwa. A hanyar gida ban yi kuka ba. Alkawari na ɗaukar wa kaina, cewa in dai na girma, ba mai ƙara kiran sunana cikin jerin marasa shi.

Wannan alkawarin ya ja ni shekara 35. Ban kawo shi don in wanke kaina ba. Na kawo shi ne saboda mutane da yawa suna zaton haɗama daga son jin daɗi take farawa, alhali tawa daga tsoro ta faro. Ban taɓa zama mai almubazzaranci ba, ban sha giya ba, ban bi mata ba. Tarawa kawai nake yi, kuma duk abin da na tara sai in ga bai isa ya tsare ni daga waccan ranar ba.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da ƙanwata, shekara 6 ne tsakaninmu. A gidan masu bi muka tashi. Mama mace ce da ba ta iya ganin mai bukata ta kawar da kai. Akwai wata tsohuwa kusa da mu da ba ta da kowa, kuma ko abincin dare bai ishe mu ba sai Mama ta ɗebi wani abu ta ba ni in kai mata. Wata rana na tsaya da kwanon a hannu na ce, "Mama, mu ma fa ba mu ƙoshi ba." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, in sai mun ƙoshi za mu ba wani, to har mu mutu ba za mu ba kowa ba. Je ka kai mata tun da zafinsa." Na kai, amma da haushi na kai. A raina na yanke cewa irin wannan halin ne ya hana gidanmu ci gaba. Ƙanwata kuwa, da ta isa aike, da gudu take kai kwanon, ta zauna har tsohuwar ta gama ci.

Na koyi aikin kafinta, Allah kuma ya sa wa hannuna albarka. Daga ni sai zarto da guduma a ƙarƙashin rumfa, har na kai ga buɗe wurin aiki mai injuna da ma'aikata 14. Muna yin kujeru da tebura na makarantu da ofisoshi, muna karɓar kwangila. Na yi aure, muka haifi 'ya'ya 3. A ikkilisiya kuma sunana ya fara fitowa. Ushirina ba ya latti, ina lissafa shi daidai kamar yadda nake auna katako. Ranar da ake neman gudummawar gini sai in bari kowa ya gama faɗin nasa, sannan in miƙe in faɗi abin da ya fi na kowa. A yi tafi, a sa mini albarka. Ba a daɗe ba aka sa ni cikin kwamitin kuɗi.

Ayoyi biyu na haddace a kan bayarwa. Malakai 3:10, inda Ubangiji ya ce a kawo ushiri duka a gwada shi a ga ko ba zai buɗe tagogin sama ba, sai Luka 6:38, cewa a bayar za a ba ku, mudu a cike, a danne, har yana zuba. Ban taɓa damuwa in duba abin da ke gabansu da bayansu ba. Da na duba, da na ga cewa a babin nan na Malakai, aya ta 5, Allah ya lissafa masu danne ladan ma'aikaci da masu cutar gwauraye da marayu cikin waɗanda zai yi wa shari'a. Da na ga kuma cewa aya uku kafin waccan ta Luka, Yesu ya ce a yi alheri a ba da rance ba tare da sa ran wani abu zai dawo ba. Ni dai jari na ɗauki baiko. In zuba wa Allah nasa, shi kuma ya tsare mini nawa ya ninka.

Ina da shekara 38 Mama ta bi Baba. Abin da suka bari gida ne guda, muka yarda a sayar a raba biyu. A lokacin ƙanwata ba ta cika shekara da rasa mijinta ba, ga yara 3, ba ta kuma da abin dogaro sai keken ɗinkinta. Da kuɗin suka shigo hannuna na je na same ta, na ce ta bar rabonta a cikin sana'ata ya riƙa juyawa, duk wata in ba ta riba, duk ranar da ta ga dama kuma ta karɓi uwar kuɗinta. Ta ce, "Yaya, kai ne uba yanzu. Yadda ka gani." Ba takarda, ba shaida. Allah ya sani, ranar da na yi maganar da gaske nake. Wata 5 na farko na cika alkawari. Sai na sayi babban inji, sai na ci bashin banki don in kama wata kwangila. Ribar ta koma bayan wata biyu, sannan ta koma sai ta tambaya, daga baya ko ta tambaya sai in ce kasuwa ba daɗi, ta ƙara haƙuri.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne yadda na sauya wa abin suna. In ta zo da matsala sai in zaro ɗan wani abu in ce, ga wannan ki rage zafi. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya. Kuɗinta ne, na marayunta ne, amma na mai da ita mai roƙo, na mai da kaina mai alheri. A shekara ta 6 ta zo ta ce an koro babban ɗanta daga makaranta, tana roƙon ko kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta. Da ta ce "an koro", wani abu ya soki ƙirjina. Na ga bencin nan, na ji sunana na uku. Duk duniya ba wanda ya fi ni sanin abin da yaron yake ji a ranar. Duk da haka na ce mata ba hali. A makon na riga na miƙe a gaban jama'a na ce ni zan ɗauki nauyin rufin sabon ɗakin sujada, kuma kunyata gwauruwa a ɓoye ya fi mini sauƙi a kan janye magana a fili. Yaron ya yi zango guda a gida.

Ma'aikatana ma ba su tsira ba. In katako ya yi araha sai in kwashi kuɗin albashi in saya in jibge, su kuma su jira mako biyu, uku. Akwai wani dattijo da muke tare tun ina ƙarƙashin rumfa, ya girme ni da kusan shekara 10, shi ya nuna mini yadda ake haɗa ƙafar kujera ba ƙusa. Ranar da ya yi magana a madadin sauran ya ce, "Maigida, yaran nan haya suke biya," na ce masa in ba zai iya haƙuri ba ga hanya nan. Ya tattara kayan aikinsa ya tafi, yana bi na albashin wata 2.

Mutum ɗaya ne ya tare ni, fastonmu na lokacin, tsoho mai magana a hankali. Ƙanwata ba ta kai ƙarata ba. Shi ne ya lura yaron ba ya zuwa makaranta, ya bi diddigi. Ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya buɗe Matiyu 5:23-24 ya ce in karanta da bakina. Wurin ne Yesu ya ce in kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a gaban bagaden, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo ka miƙa. Na gama na ce, "Baba, ai gidan Allah nake rufawa." Ya ce, "Ɗana, Allah bai rasa wurin kwana ba. Ƙanwarka ce take dab da rasawa. Ka biya ta, rufi zai jira." Na fita ina huci, ina cewa a raina tsohon nan bai san darajar masu riƙe da ikkilisiya ba. Na yi rufin. Ranar keɓewa masu jawabi suka yi ta ambaton sunana, shi kuwa bai ambata ba ko sau ɗaya, na kuma riƙe shi a zuci.

Likita ya daɗe da gaya mini ina da hawan jini. Nakan sha magani in kaina yana sarawa, in bari in na ji sauƙi, alhali cutar tana cin jijiyoyi ko mutum bai ji kome ba. Wata safiya, ina da shekara 46, ina tsaye ina zana ma'auni a jikin katako sai fensir ya suɓuce daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in kira yaro, abin da ya fito ba magana ba ce. A asibiti suka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwata, shi ya sa ɓarin dama ya shanye, magana ma ta ɗauke, domin a yawancin mutane a wannan ɓangaren cibiyar magana take. Ina jin duk abin da ake faɗa, ina ganewa, amma kalma ba ta fita.

Sana'ar ba ta kai wata 3 ba ta rushe. Ashe duk a kaina take tsaye, don ban taɓa yarda wani ya san lissafina ba. Masu kwangila suka nemi kuɗin da suka fara biya, banki ya kwashe injunan da na jingina, ma'aikata suka watse. Matata ta fita neman aiki don yara su ci, tun safe sai dare. 'Yan'uwa a ikkilisiya sun zo, sun yi addu'a, wasu sun kawo abin da suka iya, ba kuma zan ce sun gaza ba, kowa da nasa nauyin. Sai dai mai shanyewar jiki ba ziyara kaɗai yake bukata ba. Sai an juya shi duk bayan 'yan sa'o'i don kada bayansa ya yi gyambo, a ba shi abinci sannu a hankali don kada ya shaƙe, a wanke shi, a kwashe abin da ya fita daga jikinsa.

Ƙanwata ta iso a rana ta biyu da ƙullin kayanta. Ta bar 'ya'yanta wajen dangin mijinta, ta yi shimfiɗa a gefen gadona. Mako 5 muka yi a asibiti, sannan ta biyo ni gida ta ƙara wata 7.

Wannan zaman ya fi ciwon kansa nauyi. Mutumin da ka cuta yana goge maka baki, kai kuma ba ka da harshen da za ka ce ya yi haƙuri. Ba ni kuma da harshen yin ƙarya, wannan ma baƙon abu ne a gare ni. Shekara 8, duk sanda muka haɗu ina da abin faɗa, ko kasuwa, ko banki, ko kwangilar da ba a biya ba. Yanzu sai ido. Na yi ta jira ta jefo mini magana, ko ta yi tsaki tana wanke ni. Na ma so ta yi, don da ta yi da na ji kamar an rage mini bashi. Ba ta yi ba.

Da dare takan karanta mini Littafi Mai Tsarki kamar yadda Mama take yi mana muna yara. Bisharar Luka ta ɗauko daga farko, babi ɗaya kowane dare. A dare na 12 muka iso labarin mai arzikin nan da gonarsa ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya. Tun ina makarantar Lahadi na san labarin, amma ban taɓa lura da abin da ya jawo shi ba. A aya ta 13 wani ne daga cikin taro ya roƙi Yesu ya gaya wa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Rigimar gado ce tsakanin 'yan'uwa. Ƙanwata ta karanta ayar, muryarta ta ɗan sarƙe, sannan ta ci gaba. Yesu ya ce a yi hankali da kowace irin haɗama, don ran mutum ba a yawan abin da ya mallaka yake ba. Sai ga mai arzikin yana shawara, kuma shi da kansa kaɗai yake yi: amfanina, rumbunana, kayana, raina. Babu mata a maganarsa, babu ɗan'uwa, babu waɗanda suka nome masa gonar, babu Allah. Allah ya kira shi wawa, ya ce a daren nan za a karɓi ransa, abin da ya tara kuma na wa zai zama? Hawaye suka riƙa gangarawa cikin kunnena, ban ma yi yunƙurin sharewa ba. Ta rufe littafin, ta share mini, ta kashe fitila.

Da aka fara kai ni wurin masu motsa gaɓoɓi sau 3 a mako, sai ɗaukata ta zama aiki. Mata biyu ba za su iya sauko da ƙato kamata daga matakala ba. Wata safiya sai ga dattijon nan da na kora tsaye a bakin ƙofa. Labari ya ji. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Maigida, sannu da jiki. Kama wuyana." Wata 4 yana zuwa, yana tallafe ni a kafaɗarsa, yana barin nasa aikin. Ina rataye a jikinsa ina jin warin katako a rigarsa, ina tuna Yakubu 5:4, cewa ladan ma'aikata da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. A Maimaitawar Shari'a 24:15 doka ce a ba matalaucin ma'aikaci ladansa a ranar, kafin rana ta faɗi, domin a kansa ya sa rai. Ni na riƙe nasa shekaru.

Ban taɓa tambayar wanda yake biyan kuɗin motsa jikin ba, na ɗauka ikkilisiya ce. A wata na 5, magana ta fara dawo mini ɗaiɗai, sai ɗan ƙanwata, wanda ya yi zango a gida, ya zo gaishe ni. Cikin hira da matata ya ce ya so ya koyi ɗinki lokacin hutu, amma tun da mamarsu ta sayar da keken ba inda zai koya. Matata ta yi masa ido ya yi shiru, amma na riga na ji.

Fushi na fara ji, gaskiyar ke nan. Na ji haushi don ta ɗora mini abin da ba zan iya biya ba. Duk tsawon girmana hannuna ne a sama, duk wanda ya yi mini abu kuma sai na rama da sauri don kada a ce wani yana bi na. Da ta shigo da yamma na yi ta kokawa da harshena har na fitar da kalma biyu, "Don me?" Ta gane. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, kai kaɗai ka rage mini." Na ce, "Kuɗinki." Na zaci za ta ce ta yafe, a wuce wurin. Sai ta ce, "Ban manta ba, Yaya. Haƙƙina ne da na marayuna, na kuma yi kuka a kansa ba sau ɗaya ba. Ranar da ka miƙe za mu yi maganarsa. Amma ba shi ya kawo ni ba, ba kuma shi zai kore ni ba."

Na daɗe ina juya wannan amsar. Ba ta rage wa laifina nauyi ba, ba ta kuma jira sai na gyara kafin ta ƙaunace ni ba. Shekara da shekaru ina jin Romawa 5:8, cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, ina amsawa da amin. Sai a bakin gadon nan na ga kamannin abin da idona, a hannun macen da ta sayar da abin cin abincinta saboda wanda ya cinye mata gado.

Da na fara iya riƙe littafi da hagu, na koma Markus 12. Yesu ya zauna daura da wurin zuba baiko a Haikali yana kallon masu arziki suna zubawa da yawa, sai wata gwauruwa ta jefa 'yan tsabar tagulla biyu, mafi ƙanƙanta a kuɗin lokacin. Biyun a haɗe kashi 1 ne cikin 64 na dinari, dinari kuwa ladan yini guda ne na lebura. Ya ce ta fi kowa bayarwa, don su daga rararsu suka ɗiba, ita kuwa duk abin zaman garinta ta zuba. Sau nawa na ji an yi wa'azi da wannan labarin don a ƙarfafa mu mu ƙara baiko. Amma a aya ta 40, dab da shi, Yesu yana tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye, suna kuma doguwar addu'a don ganin ido. Ni gidan gwauruwa na cinye, gida na ainihi mai ɗaki da ƙofa. A babin nan na ga ƙanwata na kuma ga kaina, aya ɗaya ce kawai tsakaninmu. A nan na gane dalilin da Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 13:3 mutum yana iya rabar da duk abin da ya mallaka, in ba ƙauna, bai ƙaru da kome ba. Na kuma gane dalilin da ya kira haɗama bautar gumaka a Kolosiyawa 3:5. Abin da mutum ya jingina da shi don ya tsare shi daga abin da yake tsoro, shi yake bauta wa, ko da kullum Lahadi yana layin gaba.

Bayan an gama da banki da masu kwangila, abu ɗaya ya rage mini, wani fili da na ajiye don tsufa, ban jingina shi ga kowa ba. Da na fara takawa da sanda na san abin da ya kamata. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa bai tsaya a kan nadama ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu, sannan Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Ni ko ninki ɗaya da ƙyar filin zai kai.

Mako 3 na yi ina kokawa. Tsoron nan na ɗan shekara 11 ya dawo da dukan ƙarfinsa. Muryar da ke raina ba ta ce kada in biya ba. Cewa take in jira in warke, in sake kafa sana'a, in biya a hankali, wato dai maganar da na yi shekara 8 ina yi. Matata ma ta tsorata, kuma tana da gaskiyarta. Ta ce, "Baban yara, in ka sayar, mu fa? Kai ba lafiya ba, ga yara a makaranta." Amsar da nake da ita kaɗan ce. Na ce mata kuɗin marayu ne suka ba ni damar riƙe filin, in muka ajiye shi 'ya'yanmu za su gaji abin da ba namu ba. Ta yi kwana biyu ba ta ce kome ba. A na uku ita ta buɗe akwati ta ɗauko takardun ta ajiye mini a cinya.

Na roƙi dattawan ikkilisiya biyu su zauna da mu. Na faɗi kome a gabansu da guntun harshena, abin da mai lafiya zai gama a minti 10 ya ci mini sa'a guda. Na ce kada su tsaya a adadin da na karɓa, su duba yadda darajar kuɗi ta faɗi a shekarun nan su lissafa da ita. Na ce kuma a sa kuɗin keken da na jinyar. Nan ƙanwata ta ɗaga hannu ta ce, "A'a. Gadona zan karɓa har na ƙarshe. Amma keken ba bashi ba ne, Yaya. Kada ka ɓata mini shi." Na yi shiru. Wannan ne karo na farko a rayuwata da na karɓi abu na bar shi a matsayin kyauta.

Aka sayar da filin, aka biya ta, aka nemo ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya aka ba kowa nasa. Biyu ba a same su ba, nasu yana hannun dattawa har yau. Abin da ya rage mana bai kai hayar shekara ba. Na sa aka kai ni wurin tsohon faston, ya riga ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. Na ce, "Baba, na biya. Ku yafe mini." Ya lalubo hannuna na dama, wanda ba ya riƙo, ya riƙe shi da nasa biyu ya ce, "To, ɗana, koma ka ɗauki baikonka. Yana nan inda ka bar shi."

Na san yadda aka saba jin ƙarshen irin wannan shaidar, cewa ya bayar sai Allah ya ninka masa sau ɗari. Ba haka ya faru da ni ba, ba kuma zan ƙara wa labarina abin da babu ba. Shekarata 52 yanzu. Hannun dama yana ɗagawa amma ba ya riƙe guduma. Ƙaramin gida muke haya, akwai kuma watannin da sai ranar ƙarshe kuɗin suke haɗuwa. Babbar 'yata ta jinkirta karatu shekara guda, wannan kuwa yana yi mini ciwo har yanzu, don ita ba ta ci haƙƙin kowa ba. Dattijon nan ya buɗe ɗan wurin aikinsa, shi ya ɗauke ni. Ina duba ma'auni, ina koya wa yara lissafin katako, ina rubuta musu da hagu. Ƙarshen kowane mako, kafin rana ta faɗi, yake biyan kowa, ni ma in shiga layi. Har yanzu Maigida yake ce mini, na hana shi ya ƙi.

Tsoron bai mutu ba. In wani ya zo da bukata, har yau hannuna yakan fara damƙewa, kaina ya shiga lissafi tun kafin ya gama magana. Abin da nake riƙe da shi a irin wannan lokacin Ibraniyawa 13:5 ne. Ayar ta ce mu rabu da son kuɗi mu gamsu da abin da muke da shi, ba ta kuma tsaya a umarni ba, ta ba da dalili, cewa shi da kansa ya ce ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba. Wanda ya rubuta wannan ya san cewa a ƙarƙashin son kuɗi akwai yaron da yake tsoron a bar shi shi kaɗai. Nakan tuna kuma da ikkilisiyoyin Makidoniya a 2 Korintiyawa 8, mutanen da suke cikin matsanancin talauci amma suka roƙi Bulus ya bar su su sa hannu a gudummawar masu bi na Urushalima. A babin ne ya ce gwargwadon abin da mutum yake da shi ake karɓa, ba gwargwadon abin da ba shi da shi ba. Abin da nake da shi yanzu kaɗan ne, wani lokaci kuɗin mota ga yaron da ya makara, wani lokaci yini guda a gefen gadon wani da jikinsa ya shanye, don na san yadda ake juya shi, na kuma san abin da idonsa yake faɗa. Ba a karanta sunana a ko'ina, ina kuma barci da dare.

Ƙanwata ta mai da 'ya'yanta gida, babban ya gama makaranta. Da ta sayi sabon keke, abin da ta fara ɗinkawa riga ce tawa. Watanni ta yi tana kallon yadda nake fama da maɓalli, sai ta sa wa rigar manyan maɓallai ta faɗaɗa ramukansu, yadda hannun hagu zai iya ɓallawa shi kaɗai. Ita nake sawa ranar Lahadi. Wuyanta ya fara cinyewa, ta ce in kawo ta juya mini shi, na ce mata sai an sauko daga sujada.